Yadda Ake Yogar Hutawa a Gida da Bargo da Matashi, da Yadda Ake Koyar da Ita

Akwai gajiyar da barci ba ya cirewa. Mutum ya kwanta da wuri, ya wayi gari kafaɗunsa a ɗaure, muƙamuƙi a cije, ƙugu yana sara, zuciya kuma tun bai sauko daga gado ba ta riga ta tafi kasuwa ko ofis. Don irin wannan gajiya aka tsara yogar hutawa. Ba irin wadda ake gani a bidiyo ba ce, ta masu tsayuwa a kan kai suna lanƙwasa jiki. A nan babu zufa, babu miƙa mai zafi. Za ka ajiye jikinka a wani yanayi, ka tokare kowace gaɓa da bargo ko matashi har ya zama babu nauyin da tsoka take riƙewa, sannan ka zauna a haka minti 3 zuwa 20. A zaman awa guda, yanayi huɗu ko biyar sun wadatar.

Tushen hanyar yana Indiya, wurin B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2014. Ya taso da jinya, zazzaɓin cizon sauro da taifod da tarin fuka duk sun taɓa shi yana yaro, kuma da ya zama malami a birnin Pune sai ya riƙa amfani da barguna da kujeru da igiyoyi don marasa lafiya da tsofaffi su ma su samu rabonsu. Ɗalibarsa Judith Hanson Lasater, Ba'amurkiya ƙwararriya a fannin gashin ƙashi, ita ta ware wannan ɓangare na hutu ta yaɗa shi, musamman da littafinta na 1995.

Na san tambayar da ke ran Musulmi mai karanta wannan, kuma tambaya ce da ta cancanta. Yoga ta fito daga al'adun addinan Indiya, wasu azuzuwan kuma suna haɗawa da rera kalmomin ibada. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi yogar da ke ɗauke da irin waɗannan ibadu, ta bar ƙofa ga wadda motsa jiki ce zalla. Abin da ke cikin wannan bayani kwanciya ce da numfashi, babu rerawa, babu rusuna wa komai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Kayan da za ka tanada

Shimfiɗa mai ɗan tauri: tabarma da aka ɗora wa bargo, ko darduma mai kauri. Kada a yi a kan katifa mai laushi, domin jiki zai nutse, tokaran kuma su karkace.

Barguna uku ko huɗu. Masu nauyi waɗanda ke riƙe ninki sun fi masu santsi da ke zamewa. Idan babu, manyan tawul ko zannuwan gado da aka ninka sosai za su yi.

Dogon matashi guda ɗaya mai tauri, tsawonsa daga ƙugunka zuwa saman kanka, kaurinsa kamar taƙi guda. Shi ne babban kayan aikin, kuma ba sai ka saya ba. Ninka bargo biyu, naɗe su tamau, ɗaure bakin nan da bakin can da tsakiya da igiya ko tsohon ɗankwali, ka zura a rigar filo. Gwada shi da tafin hannu: idan ka danna ya lotse har ƙasa, bai yi ba, kwance ka sake naɗi. Wanda ke da tum-tum a falo yana da abin jingina mai kyau, sai dai gajere ne, za a haɗa shi da filo.

Filo biyu na kwana, kujera mai ƙafa huɗu wadda ba ta girgiɗi, bango da ba a rataye komai a kansa ba, ƙaramin ƙyalle mai tsabta na rufe ido, mayafi ko zani na lulluɓa, da agogo. Idan waya ce agogonka, kashe mata intanet, ka zaɓi ƙararrawa mai taushi. Tufafi su zama sakakku, a sassauta tazuge, a cire bel da agogon hannu da tabarau.

Waɗanda za su fara tuntuɓar likita

Mai juna biyu, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ba da jimawa ba, duk wanda aka yi wa aiki a ciki ko baya ko gwiwa ko ido, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, da mai ciwon bayan da ke sauka ƙafa da sagewa. Ba cewa na yi an hana su ba, akwai yanayin da ya dace da kusan kowa, amma likita ne zai faɗi wanda za a kauce wa. Mai ciki da ya wuce wata uku kada ta daɗe a rigingine a shimfiɗe, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ita kishingiɗa da kwanciyar gefen hagu ne nata.

Mataki na 1: Lokaci da wuri

Bar awa biyu tsakaninka da abinci mai nauyi, in ba haka ba ƙwannafi zai tashe ka. Bayan la'asar ko kafin barci sun fi dacewa da yawancin mutane. Rage haske, rufe ƙofa, ka gaya wa mutanen gida kana buƙatar awa guda ko rabin awa. Jikin da ya daina motsi yana yin sanyi da sauri fiye da yadda ake zato, don haka a lokacin hunturu sa safa ka lulluɓa tun daga farko. A lokacin zafi kuma juya fanka kada ta riƙa dukanka kai tsaye, ka kori sauro kafin ka kwanta. Jera duk kayan inda hannu zai kai, don kada ka riƙa tashi neman filo.

Mataki na 2: Ƙafafu a kan kujera, minti 10

Da wannan nake fara wa kowane sabon ɗalibi, domin da wuya a yi shi ba daidai ba. Shimfiɗa bargo a kan kujerar. Zauna a ƙasa kusa da ita, ka kwanta ta gefe, sannan ka mirgina rigingine kana ɗora ƙafafu. Daga bayan gwiwa har dunduniya su kwanta a kan kujerar, cinyoyi kuma su ɗan karkata, ba a tsaye cak ba. Idan kujerar ta yi maka tsayi har mazaunai suna ɗagawa, sa ninkakken bargo a ƙarƙashin baya da ƙugu. Idan ta yi gajarta, ƙara bargo a samanta. Idan babu kujera, bakin gado ko akwati zai yi.

Yanzu kai da wuya. Sa bargo mai ninki biyu ko uku a ƙarƙashin ƙeya, bakinsa ya taɓa saman kafaɗu, yadda goshi zai ɗan fi haɓa tsayi kaɗan. Wannan ƙa'ida ce ta duk kwanciyar rigingine da za ta biyo baya. Idan haɓa ta kalli rufin ɗaki, wuya yana aiki, kuma tunani ba zai lafa ba. Hannaye a gefe, nesa da jiki kaɗan, tafuka sama. Rufe ido da ƙyallen.

Kada ka tilasta numfashi. Shaƙa ta hanci, fitar ta hanci, ka bar fitarwar ta ɗan fi shaƙar tsawo: ƙirga huɗu a shiga, shida a fita, kamar sau goma, sannan ka daina ƙirgar. Dalilin kuwa shi ne jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da hanji ba da saninmu ba kashi biyu ne, ɗaya na shirin gudu ko faɗa, ɗaya na hutu da narkar da abinci. Duk lokacin da ka fitar da numfashi, bugun zuciya yana ɗan raguwa, kuma tsawaita fitarwar yana ba kashi na biyun dama. Dakta Herbert Benson na jami'ar Harvard ya yi bayanin wannan sassautawar jiki tun a shekarun 1970. Sai dai jiki ba ya juyawa nan take, yana ɗaukar mintuna, shi ya sa ake daɗewa a kowane yanayi.

Mataki na 3: Kishingiɗa da buɗe ƙirji, minti 10 zuwa 15

Wannan ya fi sauran cin kaya da lokacin shiri, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi roƙon a maimaita. Kada ka yi gaggawar haɗa shi.

Ajiye filo ɗaya ko biyu a ƙasa, ka ɗora kan dogon matashin a kansu yadda zai zama gangare, can sama nan ƙasa. Danna shi ka tabbatar tsakiyarsa ba ta lanƙwashe ba. Idan akwai rami a ƙarƙashi, cusa tawul. Zauna a ƙasa ka ba matashin baya, ƙugunka yana taɓa bakinsa. Kada ka hau kansa. Haɗa tafukan ƙafa, ka bar gwiwoyi su buɗe hagu da dama. Kafin ka jingina, naɗe bargo biyu ka tura ɗaya a ƙarƙashin kowace cinya, sosai, har ka ji nauyin ƙafar ya sauka a kan bargon. Sannan dafa ƙasa da hannu biyu, ka kwanta a hankali, ka gyara tokarin kai kamar yadda na faɗa.

Ga inda kusan kowa yake kuskure. Mutum ya ji matsematsinsa na ja, sai ya ɗauka aikin ke nan yana ci, ya daure. A yogar hutawa jan nan alama ce cewa tokari bai isa ba. Tsokar da ake ja tana kare kanta ne, ba za ta saki ba, bayan minti goma kuma za ka tashi da ciwo. Ƙara tsayin bargon cinya har jan ya ɓace gaba ɗaya. Dubi jaririn da aka goya da zani aka tamke da majanyi: wuyansa ya langaɓe, hannayensa sun saki, domin babu inda yake tsoron faɗuwa. Sakin da ake nema ke nan, kuma ba ya samuwa sai jiki ya tabbatar an riƙe shi ta ko'ina.

Duba hannaye ma. Idan gwiwar hannu tana reto ba ta kai ƙasa ba, kafaɗa za ta ja, yatsu su fara sagewa. Sa filo ko ninkakken tawul ƙarƙashin kowane hannu. Idan ƙugu ya matse, matsa gaba kaɗan daga matashin ko ka ƙara tsayin gangaren. Mai ciwon gwiwa ya bar haɗa tafukan, ya miƙe ƙafafu ya sa naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashin gwiwoyi. Mai juna biyu za ta ji daɗin wannan yanayin, amma ta ɗaga gangaren sosai, ya fi kusa da zama.

Wajen fita, sa hannu a wajen cinyoyi ka haɗe gwiwoyin da hannun, kada ka ɗago su da ƙarfin matsematsi. Mirgina gefe ka sauka daga matashin.

Mataki na 4: Kifewa a kan matashi, minti 3 zuwa 5

Durƙusa a kan bargo, manyan yatsun ƙafa a haɗe, gwiwoyi a buɗe, mazaunai a kan dunduniya. Jawo dogon matashin tsakanin cinyoyi, ka kwanta a kansa da ciki da ƙirji, kai a juye gefe guda, hannaye a ƙasa. A tsakiyar lokacin juya kan ɗaya gefen. Idan mazaunai ba su kai dunduniya ba, cike gurbin da bargo, ka ƙara wa matashin tsayi. Idan saman ƙafa na zafi, sa ƙaramin naɗin tawul a ƙarƙashin idon sawu. Wannan ba a daɗewa a cikinsa saboda gwiwoyi. Wanda gwiwarsa ba ta yarda ba kada ya matsa: ya zauna a kujera, ya ɗora filo a kan tebur, ya kifa ƙirji da kai a kai. Amfanin kusan ɗaya ne.

Mataki na 5: Murɗa ta gefe, minti 3 kowane ɓangare

Zauna a ƙasa, kwankwason dama yana taɓa bakin matashin, gwiwoyi a lanƙwashe suna kallon gefe guda. Juya ƙirji ya fuskanci matashin, dafa ƙasa hagu da damansa, ka kwanta a kai. Juya fuska ɓangaren da gwiwoyi suke, ya fi sauƙi ga wuya. Sa filo tsakanin gwiwoyi. Numfashi zai riƙa buɗe haƙarƙarin baya, ka bi shi da hankalinka. Sai ka sauya. Mai juna biyu da mai gocewar faifan ƙashin baya su tsallake wannan.

Mataki na 6: Ƙafafu a bango, idan ana so

Wannan madadin mataki na 2 ne ga wanda ya saba, kuma masu wuni a tsaye, irin su malaman makaranta da ma'aikatan jinya, sukan ji sauƙinsa a ƙafa. Zauna gefenka yana kusa da bango, kwanta, ka juya ƙafafu sama su jingina. Ba dole mazaunai su manne da bango ba, matsa baya har bayan cinya ya daina ja. Minti 5 zuwa 10. Da ka ji ƙafa ta fara sagewa, lanƙwasa gwiwoyi ka sauko. Mai hawan jinin ido ko hawan jinin da bai daidaita ba ya bar shi.

Mataki na 7: Kwanciyar ƙarshe, minti 15 zuwa 20

Idan lokaci ya ƙure, a yanke komai amma banda wannan. Kwanta rigingine, dogon matashin a gicciye ƙarƙashin gwiwoyi, ƙaramin naɗin tawul a bayan idon sawu don dunduniya kada ta danne ƙasa, kai a tokare, ido a rufe, jiki a lulluɓe. Wasu suna son a ɗora musu ninkakken bargo a kan mara, nauyinsa yana kwantar da hankali. Saki harshe, raba haƙoran sama da na ƙasa, saki fatar goshi.

Mintunan farko sukan yi wuya, kuma gara ka sani tun yanzu. Hanci zai yi ƙaiƙayi, za ka tuna bashi da kiran da ba ka mayar ba, za ka ji kamar an yi awa guda alhali minti huɗu ne. Kada ka yi kokawa da tunanin, ka dawo kan numfashi duk lokacin da ka farga. Can sai ka ji ciki ya yi ƙugi, yawu ya taru, hannaye sun yi ɗumi da nauyi, wani dogon numfashi ya fita da kansa. Alamun ke nan cewa jiki ya sauka. Idan barci ya ɗauke ka babu laifi, bashin barci ne kake biya, amma abin da ake so shi ne jiki a sake, hankali a farke. Mai juna biyu ta kwanta gefen hagu, filo ƙarƙashin kai, matashin tsakanin gwiwoyi har idon sawu, wani filon a rungume.

Mataki na 8: Tashi

Kada ka zabura da jin ƙararrawa. Motsa yatsu, lanƙwasa gwiwoyi, mirgina gefe, ka yi numfashi biyar a nan. Tura ƙasa da hannu ka zauna, kai ya zo ƙarshe. Zauna minti guda kafin ka miƙe, domin jini yakan ɗan sauka a irin wannan kwanciya, tashi da sauri kuma yana kawo jiri, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin hawan jini.

Ranar da babu awa guda, yi mataki na 2 da na 7 kawai, minti goma-goma. Yin kaɗan sau uku ko huɗu a mako ya fi dogon zama sau ɗaya a wata.

Abin da za ka samu, da abin da ba za ka samu ba

Abin da ɗalibai suka fi faɗa shi ne barci yana zuwa da sauƙi, kafaɗa da ƙugu suna saki, fushi kuma ba ya tasowa da wuri. Akwai wani amfanin da na fi daraja shi: mutum yana koyon gane ɗaurewar jikinsa tun tana farawa, yana cikin cunkoson motoci sai ya farga ya cije haƙora, ya saki. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka mai suna American College of Physicians ta sa yoga cikin hanyoyin da ta ba da shawarar a fara gwadawa kafin magani ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. Amma yogar hutawa ba ta ƙona kitse, ba ta gina tsoka, ba ta maye gurbin tafiya a ƙasa, kuma kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko na sukari saboda ita. Ciwon da ke ƙaruwa ko damuwar da ta hana mutum rayuwa, asibiti ne wurinsu.

Ga mai son koyarwa

Ina ƙarfafa wa mutane gwiwa su koyar da ita, domin tana isa ga waɗanda sauran motsa jiki ya bari a baya: dattawa, masu ƙiba, masu murmurewa daga jinya, teloli da direbobi da ke wuni a zaune, da mata masu shayarwa da ba su samun barcin kirki. Jarinta kaɗan ne, ɗaki mai tsabta da barguna. Shi kansa malamin yana ƙaruwa, idonsa yana buɗewa har ya riƙa hango kafaɗar da ba ta sauka ba daga bakin ƙofa, haƙurinsa kuma yana daɗuwa.

Sai dai kada ka fara sai ka yi watanni kana yi a jikinka, sannan ka nemi horo. Ma'aunin da aka fi sani a duniya shi ne horon sa'o'i 200 da ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka ta tsara, ana kuma ƙara kwas na musamman kan yogar hutawa. Nemi wanda ke koyar da sanin sassan jiki sosai, ka karanta manhajarsa kafin ka biya kuɗi, don ka san ko akwai abin da ya saɓa wa aƙidarka.

Fara da mutum uku ko huɗu. Kowanne yana buƙatar barguna akalla uku, kuma sai ka zagaya ka gyara wa kowa. Kafin a kwanta tambayi kowane ɗalibi a keɓe game da ciki, tiyata, hawan jini, ido da gwiwa. Nuna yanayin da jikinka tukuna, sannan su yi. Maimakon "ya yi?", wanda kowa zai amsa da "ya yi" don kunya, tambayi "ina ne yake ja?", ka ƙara bargo a wurin. Kada ka taɓa kowa sai da izininsa, kuma ya fi dacewa mata su koyar da mata, maza su koyar da maza, domin wadda ke ɗari-ɗari da wanda ke tsaye a kanta ba za ta saki jiki ba.

Da zarar kowa ya daidaita, yi shiru. Sababbin malamai suna jin nauyin shirun, sai su cika ɗakin da bayani, su hana ɗalibai abin da suka zo nema. Zauna inda kake ganin kowa, idonka a buɗe, agogo a hannunka. Wani lokaci za ka ga hawaye na bin gefen fuskar ɗalibi, ko wani ya kasa jure rufe ido. Kada ka mai da abin magana a gaban jama'a. Matsa kusa ka ce masa a hankali yana iya buɗe ido ko ya kwanta ta gefe, ka cire ƙyallen. Idan abin yana maimaituwa, ba shi shawarar ganin likita, kada ka ɗora wa kanka aikin da ba naka ba.

Sanar da su da murya ƙasa-ƙasa minti guda kafin a sauya yanayi, ka ware minti biyar na ƙarshe don tashi a natse. Wanke rigunan filo da ƙyallayen ido bayan kowane aji, ko ka ce kowa ya zo da nasa ƙyallen da zanin lulluɓa, a riƙa shanya barguna a rana duk mako.